Fatsar karfasa da tarwada a madatsun ruwa da tafkunan Kaduna

Wanda ya saba fatsa a Kogin Kaduna ko Galma, in ya koma dam yakan yini bai ɗaga ko ɗaya ba, ya tashi yana cewa ruwan babu kifi. Kifin yana nan. Bambancin shi ne ruwan dam kwance yake. A kogi, ruwa ne ke ɗaukar ƙanshin koto ya kai wa kifin da ke gaba. A dam da tafki kuwa, koto yana zaune inda ya faɗa, in babu kifi a wannan ɗan filin to sai haƙuri. Don haka mai fatsa a kwantaccen ruwa sai ya san inda kifin ke zama, ya auna zurfin wurin, sannan ya saba masa da zuwa nan cin abinci. Tsadar sanda ba ta cikin lissafin.

Jihar ba ta da ƙarancin irin wannan ruwa. Akwai dam ɗin Kangimi a Igabi, wanda ake sakin ruwansa cikin Kogin Kaduna da rani don ruwan shan birni. Akwai dam ɗin Zariya a kan Galma, da na Kubanni a cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da Gimbawa a Ikara, da Bagoma a Birnin Gwari, da Gurara a kudu, wanda ake jan ruwansa zuwa Abuja. Ga kuma ƙananan tafkunan fadama da kududdufan da haƙar ƙasa ta bari. Kowane yana da masu shi. Kafin ka jefa ƙugiya, nemi sarkin ruwan wurin ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. Shi zai nuna maka inda masunta suka shimfiɗa ragarsu ta kalli, kada ƙugiyarka ta yaga musu, shi ne kuma zai gaya maka gaskiyar halin tsaro a wannan makon, abin da ba wasa ba ne a wasu sassan Birnin Gwari da Igabi. Wurin da ake jan ruwan sha da bakin mazubar dam an hana kusantarsu, na cikin jami'a kuma sai da izini.

Bazara ce lokacin karanta dam

Kowane dam kwari ne da aka toshe. A ƙarƙashin ruwan akwai tsohuwar hanyar rafi, da kututturan itatuwa, da surin gara, da duwatsu, wani wurin har da kunyoyin tsofaffin gonaki. Kifi yana bin waɗannan ne, ba ya yawo a shafaffen fili. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya ƙwarai, zaga gaɓa da ƙafa ka ga abin da ya fito. Duba inda ƙasa ta gangara a hankali sannan ta faɗa lokaci ɗaya, wannan bakin tsohon rafin ne, kuma nan ne wurin da ya fi kowane. Ɗauki hoto da waya, ka haɗa da wata bishiya ko dutsen da ruwa ba ya kaiwa, don in dam ya cika a watan Satumba ka iya cewa kututturen nan yana taku goma sha biyar daga wancan ɗorawa.

Kada ka ɗauka mafi zurfi shi ne mafi kifi. Da zafi, ruwan sama yana ɗumi ya tsaya a sama, na ƙasa ya zauna ba ya gauraya da shi, ruɓaɓɓen ganye da taɓo su cinye iskar da ke cikinsa. Karfasa ba ta zama a can. Yawancin abin da za ka kama yana tsakanin mita 1 da mita 3. Wanda ya sayi sanda mai injin naɗe zare, yana wurga koto tsakiyar dam don ya ga iya nisansa, sau da yawa cikin mataccen ruwa yake jefawa, alhali kifin yana gindin ƙafarsa.

In ba ka samu zuwa da bazara ba, ga abin dubawa: bakin ciyawa ko bado inda ya haɗu da buɗaɗɗen ruwa, inda ƙorama ke shigowa, inuwar bishiyar da ta sunkuyo, da mashayar shanu, domin kashinsu yana tara ƙwari. Gaɓar da iska ke kaɗowa ta fi wadda ke bayan iska, duk da cewa zama a can ba daɗi, saboda iskar tana turo abinci wajen. A ruwa marar zurfi mai ƙasan yashi, in ka ga ramuka zagayayyu a share tas, gidajen karfasa ne.

Kayan aiki

Don karfasa, sandar gora mai tsawon mita 3 zuwa 4 ta isa, wadda ta bushe a inuwa, mai laushin kai. Ɗaura zaren roba mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25. Kada ka ɗaure shi a kan tsinin kaɗai: fara ɗaurin daga tsakiyar sanda, ka naɗo shi zuwa tsini, don in tsinin ya karye kifi bai tafi da komai ba. Tsawon zaren daga tsini ya yi daidai da tsawon sandar ko ya gaza kaɗan. In ya fi, ba za ka iya ɗago kifi zuwa hannunka ba.

Ƙugiya ce inda aka fi yin kuskure. Bakin karfasa ƙarami ne, ana kuma saya mata ƙugiyar tarwada. A yawancin kwalayen da ake sayarwa a kasuwa, in lamba ta ƙaru ƙugiya ƙanƙancewa take, sai dai lambar wannan kamfani ba ta zama ɗaya da ta wancan, don haka auna da ido. Tazarar da ke tsakanin tsini da jikin ƙugiya ta zama milimita 5 zuwa 6 don karfasa, 12 zuwa 15 don tarwada. Gwada kaifi a kan farce: in tsinin ya kama, tana da kyau, in ya zame, wasa ta ko ka jefar.

Ɗauri: zura zare ta idon ƙugiya, naɗa shi a jikin kansa sau shida, mayar da bakin ta ƙaramin ramin da ke daf da ido, sannan ta babban ramin da ya samu, jiƙa da yawu, ja a hankali. Busasshen ɗauri yana ƙona zaren roba ya raunana shi. In kifi ya tsinke ka ga bakin zaren ya murɗe, ɗaurin ne ya warware. In ya yanke sumul, ko dutse ne ya goge shi, ko ruwan yana da kifin tsage, wanda haƙoransa sai an sa siririyar waya mai tsawon taƙi ɗaya kafin ƙugiya.

Abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka cizo, totuwar karan dawa mai tsawon ɗan yatsa ta wadatar, ko yankin tsohon silifas da aka fere siriri. Tsaga ta, ka sa zare a ciki, ka ɗaure da roba yadda za ta iya matsawa sama da ƙasa. Sai 'yar dalma da za ka matse a santimita 15 zuwa 20 sama da ƙugiya. Ƙara dalmar kaɗan-kaɗan har totuwa ta nutse, saura kamar santimita 1 a waje. Totuwar da ke kwance gaba ɗaya a saman ruwa tana yi wa kifi nauyi, yana ja ya ji turjiya ya saki. Matse dalma da filaya, ba da haƙori ba. Guba ce, abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya isa ishara.

Auna zurfi kafin ka sa koto

Minti biyar ne aikin, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Maƙala wa ƙugiya dalma mai nauyin da zai nutsar da totuwa, ka sauke a inda za ka yi fatsa. In totuwa ta nutse, matsar da ita sama. In ta kwanta, matsar da ita ƙasa. Ci gaba har ta tsaya kanta kaɗai ke waje: tazarar da ke tsakaninta da ƙugiya ita ce zurfin wurin. Yi haka a dama da hagu da gaba. Inda ka samu bambancin rabin mita cikin ɗan taƙi, ka samu gangaren da ake nema. Cire nauyin, ka sauko da totuwa santimita 10, don koton karfasa ya rataya sama da taɓo kaɗan. A ƙasa mai laushi koton da ya kwanta nutsewa yake, kifi ba ya ganinsa. Sa alamar zurfin a jikin sanda da roba, don in zare ya tsinke ba sai ka sake awo ba.

Dusar kiran kifi

Haɗa mudu biyu na dusar masara da kofi biyu na dakakken ƙuli-ƙuli. Yayyafa ruwa har ta jiƙe ba ta kwaɓe ba, rufe ta kwana ɗaya ta ɗan yi tsami. A bakin ruwa, cuɗa ta da laka daga gaɓar, kashi biyu dusa kashi ɗaya laka, ka cura kamar curin fura. Lakar ce ke kai ta ƙasa. Busasshiyar dusa in ka watsa, iska za ta tafi da ita, kifin ya bi ta can, ka yi wa wani aiki. Gwada curi ɗaya a bakin gaɓa inda kake gani: ya kamata ya isa ƙasa bai fashe ba, sannan ya fara warwarewa cikin minti biyar zuwa goma. In ya fashe a sama, ƙara laka. In ya zauna daram, laka ta yi yawa.

Jefa curi huɗu ko biyar a wuri ɗaya da farko, duk cikin fili mai faɗin taku biyu. Daga nan sai ƙarami ɗaya duk bayan minti ashirin zuwa talatin, kuma sai in ana cizo. Mai zuba bokiti guda lokaci ɗaya ciyar da kifi ya yi, sun ƙoshi ba su bi ta kan ƙugiyarsa ba. In kana kusa da ruwan, zuba dusa a wurin nan kwana biyu ko uku a jere, a lokaci ɗaya, ba tare da ka yi fatsa ba. Ranar da ka zo da sanda za ka tarar suna jira, kuma manyan sukan fara zuwa ne bayan ƙananan sun saba.

A kan ƙugiya, tsutsar tana ce gaba da komai. Da rani sai a gindin ayaba, bakin rijiya ko lambun fadama ake samunta. Ajiye ta a gwangwani mai huji da danshin ƙasarta, a inuwa, rana tana kashe ta cikin ƙanƙanen lokaci. Guntu mai tsawon santimita 2 zuwa 3 ya isa, a zura shi ya rufe ƙugiya, jela kaɗan tana motsi. Doguwar tana 'yan ƙanana ne za su ja jelar su cinye. Gara da shinge suna yi ƙwarai a farkon damina. In babu, tuƙa garin masara da ɗan fulawa ya yi tauri, murza da garin ƙuli, ka riƙa ɗiban ƙwaya ɗaya da za ta rufe tsini. In yana faɗuwa wajen jefawa, cuɗa 'yar auduga a ciki.

Cizo da fizga

Karfasa ba ta haɗiye koto kai tsaye. Totuwa za ta yi rawa, ta ɗan nutse ta dawo. Kada ka taɓa. Jira sai ta nutse ta tsaya, ko ta kama tafiya gefe, ko ta ɗago ta kwanta, wanda ke nufin kifin ya ɗauki koto ya yi sama da dalmar. Nan za ka ɗaga da wuyan hannu, gajeriyar fizga. Leɓenta ba ƙarfi, fizgar da ake yi da kafaɗa yaga shi take. Da ta kamu, janye ta gefe daga inda ka zuba dusa, don burburniyarta kada ta watsa sauran. In rawar totuwa ta yi yawa ba nutsewa, 'yan kawara ne ko 'ya'yan karfasa suka taru, sai ka ƙara dalma don koto ya wuce su da sauri, ko ka koma tuwo mai tauri.

Zauna ƙasa, nesa da baki kaɗan. Kifi yana jin takun ƙafa da bugun bokiti ta cikin ƙasa, inuwarka kuma in ta faɗa kan ruwa ta kore shi. Farar riga da rana ma haka.

Lokaci ya danganta da yanayi. Da bazara da damina, daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar zuwa magariba. Da hunturu kada ka wahalar da kanka da sammako. Karfasa kifin ɗumi ce, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 cinta yana raguwa sosai, sai rana ta ɗaga, daga wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwa la'asar, a wuri marar zurfi da rana ke duka. A ƙaramin tafki mai gansakuka, in ka zo da asuba ka ga kifi a sama yana buɗe baki, ba yunwa ba ce, iskar ruwan ce ta ƙare cikin dare. Ba zai ci ba sai rana ta yi awa biyu ko uku.

In ka kama karfasa ka ga bakinta cike da ƙwai ko 'ya'ya, uwa ce, a baki take renonsu. Mayar da ita. Wadda ba ta kai tafin hannu ba ma haka.

Tarwada

Ita da hanci da gashin baki take farauta, a ƙasa, galibi daga magariba zuwa asuba. Zare milimita 0.35 zuwa 0.45, koto a kwance a ƙasa. Yi amfani da dalma mai rami wadda zare ke wucewa ta cikinta, ka tokare ta da ɗan ƙulli santimita 30 sama da ƙugiya, yadda in kifi ya ja, zaren zai tafi bai ji nauyi ba. Koto: tana uku ko huɗu a haɗe, hanjin kaza, hanta, ƙaramin kwaɗo, gyare, ko yankan kifi. Hanta tana saurin zamewa, naɗe ta da zaren ɗinki. Bar tarwadar ta tafi da zare kamar rabin mita kafin ka fizga, da ta kamu kuma kada ka sassauta, domin kai tsaye kututture take nufa.

Ba lokacin da ya kai ruwan farko-farko, Mayu zuwa Yuni, sa'ad da jan ruwa ya fara shigowa daga ƙoramu. Tarwada tana tururuwa zuwa bakinsu da cikin ciyawar da ruwa ya hau, don ci da kuma zuba ƙwai. Sai dai nan ne ake yi mata kisan da ya wuce kima. Mai cikin ƙwai, wadda cikinta ya kumbura ya yi laushi, barin ta shi ne kifin baɗi.

In za ka kafa layin ƙugiya na kwana: uwar igiya mita 30 zuwa 50, 'ya'yan zare masu tsawon santimita 25 zuwa 30, tazarar mita 1 zuwa 1.5 a tsakaninsu. Dole tazarar ta fi ninki biyun tsawon ɗan zaren, in ba haka ba kifi biyu za su harɗe su kwance juna. Dutse a kowane ƙarshe, wani ƙarami duk bayan ƙugiya goma, da gora ko jarka a sama don alama. Shimfiɗa shi a bin bakin gangare, da magariba, ka duba da asuba. In ka makara, kaguwa da sauran kifi sun riga ka. Kada ka kafa a mashaya ko inda yara ke wanka, kuma kada ka naɗa igiyar a hannu lokacin ja.

Ƙaya, tsargiya da doka

Tarwada da kurungu suna da ƙaya a fukafukan gefe, kurungu har da ta baya, kuma yana kulle su in ya miƙar. Kama daga bayan kai, ƙayoyin gefe su fito ta tsakanin yatsunka, da tsumma in akwai. In ta soke ka, wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, tsoma wurin a ruwan zafi iya wanda fata za ta jure na rabin awa, zogin zai sauka. In guntu ya karye a ciki, ko wurin ya kumbura washegari, je asibiti, a duba har da allurar tetanus. Kifi mai taushin jiki, mai ɗigo-ɗigo, marar ƙaya a baya, minjirya ce, mai jan mutum kamar wutar lantarki: yanke zaren, kada ka taɓa.

Kwantaccen ruwa mai ciyawa gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. Yi fatsa daga tudu, in dole sai ka shiga to sa dogon takalmin roba. Jini a ƙarshen fitsari alama ce, maganinsa praziquantel, ana samu a asibiti. Wanda zai hau kwalekwale ya sa rigar kariya ko da ya iya iyo, kuma da hadari ya haɗo a sauke sanda a bar bakin ruwa. Kifin kududdufin cikin gari da kwata ke zuba a ciki, da na ƙasan magudanan masana'antu na Kakuri da Makera, ba mu ba da shawarar cinsa ba.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, ban da wadda aka keɓe don wasu ƙananan kifaye. Zuba guba irin gamalin ko magimfa a dam ɗin da gari ke sha ba kamun kifi ba ne, ɓarna ce, a kai maganar ga sarkin ruwa.

Bayan an kama

Tarwada tana shaƙar iska, za ta yi yini a bokiti da ruwan da ya rufe bayanta kawai, a inuwa, da murfi mai huji da dutse a kai, don tana tsalle. Karfasa kuwa da ta mutu take fara lalacewa. Ko ka bar ta da rai a cikin raga a ruwa, ko ka kashe ta nan take, ka farke ciki, ka cire hanji da jajayen abin numfashin da ke ƙarƙashin kumatu, ka wanke da ruwan da ka zo da shi. Da ƙanƙara, nauyinta ya yi daidai da na kifin, a jera bi da bi. In babu, naɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kada a leda, kuma ya isa tukunya cikin awa uku zuwa huɗu.

Abin da ya fi ƙarfin miya sai banda. Jiƙa kifin minti ashirin zuwa talatin a ruwan gishiri, kofi ɗaya cikin lita huɗu, bar shi ya tsane. Fara da wuta marar ƙarfi na awa ɗaya don fatar ta bushe, in ka fara da babbar wuta waje zai ƙone ciki yana ɗanye, bayan kwana biyu ya yi tsutsa. Sannan ƙara wuta awa biyu zuwa uku ya dahu, ka rage ta ya ci gaba da bushewa, kana juyawa, har ya yi sauƙi a hannu ya daina lanƙwasa. Busasshen itace mai ƙarfi za ka sa, ban da katako mai fenti, ban da roba. Kada a fesa masa maganin ƙwari ko kaɗan. Da damina mayar da shi kan wuta duk bayan kwana uku ko huɗu, ka ajiye a kwando mai shan iska, a rataye.